Hannun Yaya da Wutar Tanderu

Litinin, 1 ga Mayu 1978, bayan La'asar

Na rufe shago da wuri. Rediyoyin mutane na jirana a kan tebur, ko murfin ɗaya ban buɗe ba.

Burodin Yaya Hambali ya sake ƙonewa. Rabe mai shayin bakin tasha ya dawo da shi cikin kwando, ya ce ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Da dariya ya faɗa, muka taya shi, ban da Yaya.

Tanderun nan shi ya ciyar da gidanmu tun kafin a haife ni. Baba ne ya gina shi, shi kuma ya koya mana yadda ake sanin ya yi. In itace ya cinye an kwashe garwashi, sai mutum ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa, ya fara karanta Ƙulhuwa. In zafi ya koro shi kafin ya ƙare, a dakata. In ya ƙare daidai lokacin da zafin ya koro shi, a zuba burodi. Yaya ya gaji wannan. Ni sau ɗaya na gwada ina yaro, na kurma ihu, na gudu lakkol, makarantar boko, ban sake waiwayar tanderu ba.

Ɗazu Ƙande matar Yaya ta zo har shago. Ba ta ce mini "angona" ba kamar yadda ta saba tsokanata. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan Azumi, kai da ka iya sa akwati magana, ba ka iya yin abin da zai riƙa faɗa wa yayanka zafin wuta?"

Na ce ai yana da hannu.

Ta ce, "Yau sai da ya maimaita karatun, ya sake maimaitawa, hannun na ciki. Ni na ji ƙauri daga tsakar gida. Shi bai ji kome ba."

Na ce zan duba. Ban tambaye ta ƙaurin mene ne ba.

Laraba, 3 ga Mayu, hantsi

Na zazzage buhun tarkacen da na taho da shi daga kamfanin man gyaɗa, lokacin da gyaɗa ta mutu aka sallame mu. Abin da nake nema yana nan: ɗan akwatin da ke nuna zafin tukunyar injin da jajayen lambobi, da wayarsa. Wayar biyu ce, ƙarfensu daban, an murɗe kawunansu wuri ɗaya. In kan ya ji zafi sai ya haifar da ɗan kuran, wato wutar lantarki, da bai kai ya motsa gashin kyanwa ba, akwatin kuma ya mai da shi lamba. Shi ke nan dabarar.

Akwatin ya ƙone daga ciki. Wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu birjik kamar kyankyaso shi ya mutu, kuma babu irinsa a nan Magarya, babu a Damagaram. Na cire shi na ƙulle a tsumma na ba Harouna, direban kamyo, babbar motar kayan da ke zuwa Kano. Ya ce wannan ɗan abin zan sa shi yawon Sabon Gari? Na ce e. Ya ce na wane rediyo ne? Na ce na wani ne.

Na gaji, alhali ban yi aikin kome ba.

Alhamis, 4 ga Mayu, Azahar

Zafi. Yaya da riga mai dogon hannu cikin wannan zafin.

Asabar, 6 ga Mayu, bayan Magariba

Na faɗa wa Yaya. Yana zaune bakin tanderu yana fasa itace, na ce ina so in huda bango in sa waya.

Ya ce, "Tanderun Baba ne za ka huda?"

Na ce ɗan rami ne, ko yatsa ba zai shiga ba.

"Wa ya aiko ka?"

Na ce babu. Na ce ina so in gwada wani abu ne da na koya a kamfani, kar ya ruɓe a kaina. Ya daɗe yana kallon gatarin. Sannan ya ce, "To, in don kanka ne, huda." Mu duka mun san ba don kaina ba ne, amma haka ya fi mana sauƙi, muka bar shi haka.

Da zai miƙe na ga tsinken itace ya shige masa tafin hannu, jini na bin yatsa. Na kau da ido. Ƙande ce ta zo ta cire masa tana yi masa faɗan ya ɓata riga.

Lahadi, 7 ga Mayu, da safe

Na huda. Ƙasar tanderun ta yi tauri kamar dutse, sai da tafin hannuna ya yi kanta. Na ji zafin kantar sosai. Na rubuta ne don na ji.

Talata, 9 ga Mayu, La'asar

Harouna bai dawo ba. An ce ƴan duwan, wato kwastan, sun tsare kamyon a kan iyaka.

Burodin yau bai ƙone ba, ɗanye ya fito. Yaya ya ji tsoron wutar ya bar ta ta mutu. Rabe ya karɓa yana gunaguni. Masu shayin kasuwa biyu sun ce su yau sun hutar.

Na gyara rediyo ɗaya. Mai shi ya ce har yanzu yana shuu. Na ce masa duniyar ce ke shuu, ba rediyon ba.

Alhamis, 11 ga Mayu, hantsi

Ina narka dalma ƙarfen ya taɓa mini ɗan yatsa. Na yi tsalle. Daga baya na sake kai yatsan kusa da shi da gangan. Ban san me ya sa ba. Na sani.

Juma'a, 12 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Harouna ya iso, da kyankyason a cikin kwalin ashana. Ya ce ya sha rana a kansa har ya rantse ba zai sake karɓar saƙona ba, sannan ya zauna ya sha ruwa ya tambayi lafiyar Yaya. Na ce lafiya lau. Ya ce, "Na ga kamar ya rame a fuska. Girarsa ma..." Sai ya koma zancen farashin taya.

A masallaci Yaya ya tsaya a ƙarshen sahu, ta gefen bango. Da aka sallame ya fita bai tsaya gaisawa ba. Mutumin da in ya kama hannunka a ƙofar masallaci sai ka roƙe shi ya sake ka.

Lahadi, 14 ga Mayu, Azahar

Akwatin ya kama!

Na haɗa shi da batirin kamyo, lambobin suka fito ja jawur, suna rawa kaɗan sannan suka tsaya. Na riƙe kan wayar a hannuna, lamba ta hau. Na sake ta, ta sauko. Na zauna ina kallo ni kaɗai ina murmushi kamar wawa. Rabon da in ji daɗin wani abu har na manta.

Don in tabbatar ba ƙarya yake ba sai na nemi tafasasshen ruwa, tunda shi zafinsa ɗari ne ko a ina. Tukunyar da ba ta sauka daga wuta a garin nan ta Rabe ce, na kwashi kayana na tafi. Na tsoma waya, na murɗa ɗan dunƙulen da ke ciki har lamba ta zauna daidai. Mutanen tasha suka taru. Wani ya ce agogo ne, wani ya ce abin gane ɓarawo ne.

Rabe ya ce, "Na mene ne?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce na tanderun Yaya ne.

Ya ɗauke tukunyar ya zuba wa wani shayi, ya mayar, sannan ya ce, "Ikon Allah. Hambali da ya fi shekara talatin yana gasa burodi, yau shi ke bukatar agogo ya faɗa masa wuta?"

Na ce zamani ne. Ya ce, "Haka ne, zamani ne." Bai yi dariya ba.

Da na tafasa ruwan a gida.

Litinin, 15 ga Mayu, da safe

Na kafa akwatin a bangon rumfa, na zura waya ta ramin, na liƙe da laka. Ƙande ta ce, "Angona, yau kai ne Bature." Ta dawo da tsokanarta. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, don ta ɗora rai a kan abin nan fiye da yadda ya kamata.

Saura abu ɗaya. Akwatin yana faɗin lamba, amma bai san burodi ba. Sai wani ya ce masa "yanzu", in rubuta lambar a bango, daga nan a riƙa binta.

Talata, 16 ga Mayu, bayan Azahar

Ba na son rubuta na yau.

Aka kwashe garwashi da asuba. Na ce, "Yaya, sa hannu, in ya yi ka faɗa mini." Ni na faɗi haka, da bakina. Wa zan ce wa? In na ce wani ya sa, na faɗi abin da ba a faɗa ke nan, a gabansa, a gaban tanderun ubansa. Shi ma in ya ce ba zai sa ba ya faɗa. Sai ya naɗe hannun riga. Karo na farko ke nan da na ga hannun a fili tun sanyin bara. Na ga tabo mai haske a damtse, na ga wani a ƙasansa. Na mai da idona kan lamba.

Ya zura. Ya karanta a natse, yadda Baba ke yi. Ya ƙare ya fitar ya ce, "Yanzu."

Lamba ta wuce ɗari uku da nisa. Na san ta yi yawa, ko a kamfani ba ma kai tukunya nan. Amma na ɗauki gawayi na rubuta ta a bango, don shi ne mai tanderu, ni mai gyaran rediyo ne.

Burodin ya fito baƙi ƙirin. Buhun fulawa guda ya tafi. Fatar hannunsa daga wuyan hannu zuwa gwiwa ta tashi ta yi ruwa, yana tsaye yana kallon burodin yana cewa itacen ne ba shi da kyau. Ƙande ta kama hannun ta ɗaga masa a gaban idonsa ta ce, "Malam, dubi. Dubi mana!" Ya duba kamar hannun wani ne.

Ta juyo kaina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na ce ka yi abin da zai hana shi sa hannu, sai ka zo ka ce ya sa?"

Na ɗauki kwando na fara kwashe baƙin burodin.

Laraba, 17 ga Mayu, La'asar

Ba a hura wuta ba. Na goge lambar daga bango.

Alhamis, 18 ga Mayu, Azahar

Mun kai Yaya dispanser, ƙaramin asibiti, saboda ƙunar. Saboda ƙunar muka ce. Likitan ya wanke ya ɗaure, sannan ya ce Yaya ya rufe ido. Ya ɗauki ɗan auduga yana taɓa shi nan da can, ya ce duk inda ya ji ya nuna. A goshi ya nuna. A wuya ya nuna. Aka zo hannu, likita na taɓawa, Yaya na zaune ido rufe yana jira a fara.

Na fita waje na tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro.

Likita ya biyo ni ya faɗi sunan abin, ciwon nan mai cinye yatsu, da Faransanci, kamar hakan zai rage masa nauyi. Ya ce akwai ƙwayoyi, kyauta ne, ana sha shekaru. Ya ce in ya dage da sha, abin zai tsaya inda yake, kuma ba kowa yake kamawa ba, mu daina firgita. Na ce jin da ya tafi fa? Ya ce wannan sai dai a kiyaye hannun daga wuta da kaifi.

Mai burodi. A kiyaye hannunsa daga wuta.

A hanyar dawowa Yaya ya ce, "Me ya ce maka?" Na ce ya ce a riƙa canza bandeji.

Juma'a, 19 ga Mayu, bayan Magariba

An kawo tuwo. Tun tasowata kwano ɗaya muke ci da shi. Yau ya ce wa Ƙande ta zuba masa nasa daban, wai bandejin na ɗiga. Bandejin a hannun hagu yake.

Ban ce a'a ba. Na ci nawa, har na ji sauƙi a raina, kuma sauƙin nan ya fi kome ci mini rai.

Lahadi, 21 ga Mayu, hantsi

Na gaji. Na duba bayana da madubin aski. Babu kome. Na gaji.

Litinin, 22 ga Mayu, da safe

Ƙande ta kwaɓa, ni na hura wuta. Yaya na zaune kan turmi yana ba da umarni kamar kumandan. Da aka kwashe garwashi muka tsaya mu uku muna kallon bakin tanderu. Sai na ga ina naɗe hannun riga.

Yaya ya ce, "Kai? Mai ihu?"

Na zura. Wallahi ko "ahad" ban kai ba na fizge. Ya yi dariya har da tari, dariyar da ban ji ba tun kafin azumin bara. Ya ce, "Dakata, bai yi ba. Kuma ba a karantawa da gudu kamar ana bin ka da bulala. Yadda Baba ke yi."

Muka jira, lamba na sauka a hankali. Na sake, ya koro ni a tsakiya. Na sake. Can sai na kai ƙarshen surar daidai lokacin da na ji ba zan iya ƙara ko harafi ba. Na fitar na ce, "Yanzu." Ɗari biyu da arba'in. Yaya ya leƙa ya dubi launin ƙasar tanderun, ya watsa ɗan gari ya ga yadda ya yi ja, ya gyaɗa kai. Na rubuta a bango.

Burodin ya fito yadda na san shi ina yaro. Ƙande ta juya baya tana share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne.

Yaya ya kai hannu ya ɗauki na farko daga kan faranti, yana tururi, ya ɓalla biyu ya miƙo mini rabi. Na dubi burodin, na dubi yatsun da ke riƙe da shi. Na ce, "Yaya, bari ya huce."

Ya ce, "Ashe da zafi." Ya ajiye a gefen faranti.

Da zafin kuwa, ban yi ƙarya ba. Amma ya huce, har yamma yana nan inda ya ajiye shi.

Alhamis, 25 ga Mayu, La'asar

Akwatin na aiki. Kullum lamba ta kai, a zuba, burodi ya yi kyau. Yaya bai sake sa hannu ba. Abin da aka ce in yi na yi.

Kwandon da ke zuwa kasuwa ya dawo da fiye da rabinsa. Ba wanda ya ce kome, kowa cewa yake jiya ya rage masa.

Asabar, 27 ga Mayu, Azahar

Rabe ya zo shago da rediyon da lafiyarsa ƙalau. Ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Ɗan Azumi, ni da Hambali tare aka yi mana kaciya. Ni zan ci. Amma masu shan shayina tambayata suke wa ya kwaɓa, wa ya ɗauko daga wuta. Tun ranar agogon nan ake zancen. Me zan ce musu?"

Na ce ya ce musu Ƙande ke kwaɓawa.

Ya ce, "Shi fa yana wurin?"

Na ce gidansa ne, ina zai je?

Ya ɗauki rediyonsa ya tafi. Na so in ji haushinsa na kasa, ba ni da ƙarfin. Ni na kai akwatin bakin tasha na tara masa jama'a.

Talata, 30 ga Mayu, da safe

An yi ruwan farko jiya, mai ƙarfi. Laka ta jiƙe a bakin ramin waya, na sake liƙewa.

Yaya ya kira ni. Ya ce zai tafi gonar kawunmu ta wajen Dungas ya yi damina, likitan da ke yawo da babur yana kai ƙwayoyi har can. Ya ce Ƙande za ta zauna da yara. Na ce akwatin fa yana aiki, ba sai ya tafi ba. Ya ce, "Akwatinka ya yi, Allah ya yi maka albarka. Amma in ina zaune a rumfar nan ba mai sayen burodin, ko mala'ika ne ya gasa. Yaran nan da me za su ci?"

Na ce damina kawai ke nan.

Ya ce, "Damina kawai." Shi ma ya iya irin tawa.

Alhamis, 1 ga Yuni, bayan Azahar

Ya tafi.

Na raka shi tasha, kamyon Harouna ne. Ya hana Ƙande zuwa. Mutane na gaishe shi daga nesa, hannuwansu a ƙirji, shi ma yana amsawa haka. Da aka ɗora kayansa sai ya buɗe jaka ya ciro burodi ɗaya na safiyar yau, an naɗe shi da takardar siminti. Ta gefen takardar ya riƙe, ya miƙo mini. Ya ce, "Ungo. Wannan ya huce."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da gatse ne da ya fi mini sauƙi.

Na warware takardar na yar. Na kama hannunsa na dama na buɗe shi, na sa burodin a ciki na ce, "Ɓalla mana, Yaya." Ya dube ni, ya dubi teburin Rabe inda mutane suka daina kurɓar shayi. Ya ce a hankali, "Kai, wawa, kai za ka riƙa sayar musu gobe." Na ce na sani. Ya ɓalla. Muka tsaya a tsakiyar tasha muka cinye, ba ruwa. Gabana na faɗuwa tun daga lomar farko har ta ƙarshe, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Harouna ya danna oda. Na riƙe hannun har sai da ya hau. Ban sani ba ko ya ji na riƙe.

Juma'a, 2 ga Yuni, hantsi

Ni da Ƙande muka gasa rabin abin da aka saba. Rabe ya aiko a ba shi nasa, bai zo da kansa ba. Sauran ban sani ba tukuna. Rediyoyin mutane na nan kan tebur.

Da aka kwashe garwashi na zauna kan turmin Yaya ina kallon jajayen lambobi suna sauka, har suka kai wadda ke bango. Ƙande ta ce a zuba. Na ce ta dakata. Na naɗe hannun riga na zura har kafaɗa. Ta ce, "Me kuma kake nema, ga lamba ta faɗa maka?"

Da zafi. Na ce alhamdu lillahi a fili kafin in kama bakina, kuma ta ji.